Zan sa wa Kanta tiraka, masu sani ku ba ni shawara kafin a taɓa mini wayarin

Mai Hatsi, Tudun Hatsi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da Kanta guda ɗaya da ke ɗauko mini masara da wake daga kasuwannin Kumo, Dukku da Bajoga, wani lokacin kuma ta wuce Dawanau a Kano. Tun da aka ɗauke motar maƙwabcina a bakin masallaci ranar Juma'a, yara suka matsa mini lamba sai na sa mata tiraka, wato na'urar nan da ke nuna maka inda mota take a waya. Na je wurin masu sawa guda biyu, kowa da irin maganarsa. Ɗaya ya ce tasa tana aiki ko'ina ko babu sabis, tun da da tauraron ɗan'adam take magana. Ɗayan ya ce sai an sa mata layi da data. Sannan duka biyun sun ce za su haɗa mini yadda zan kashe motar daga wayata ina zaune a shago. Don Allah wanda ya san abin nan ciki da waje ya faɗa mini gaskiya: wane ne mai gaskiya a cikinsu, tana cin batir, kuma kashe motar daga nesa ba shi da illa?

Ɗan Kamasho:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ni dai shawarata ka riƙe kuɗinka. Wani ɗan ƙungiyarmu ya sa wa Sharon ɗinsa, aka sace ta da daddare, ya buɗe waya da asuba ya ga motar tana nan a ƙofar gidansa, alhali ƙofar gida wayam. Har yau ba motar ba labarinta.

Ɗan Safiyo:
Ranka ya daɗe Alhaji, na biyun ne mai gaskiya, na farkon ko dai bai sani ba ko yana son ya sayar ne kawai. Bari in warware, don inda mutane ke ruɗewa ke nan.

Abu biyu ne a cikin wannan ƙaramar na'ura. Na farko shi ne mai sauraron taurarin GPS. Waɗannan taurari na sojojin Amurka ne, sun harba na farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995. Suna yawo a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a kwana, kuma an tsara su yadda aƙalla 24 za su kasance suna aiki koyaushe. Kowane ɗaya ba abin da yake yi sai aiko da saƙo: ni ne wane, ga inda nake, ga lokacin da na aiko wannan saƙo. Na'urar da ke motarka tana auna tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ta san nisanta da tauraron. In ta samu huɗu, ta gane inda take. Wannan ɓangaren kyauta ne, ba ya son kati, ba ya son data, ba ya son sabis. A tsakiyar dajin Yankari ma zai yi aiki muddin yana ganin sama.

Amma na'urar sauraro kawai take yi, ba ta mayar wa tauraron magana. Tauraron bai san da motarka ba, bai san da kai ba. To ta yaya labarin zai iso wayarka a Tudun Hatsi? Nan ne abu na biyu ya shigo, wato layin waya da ake sa mata, kamar MTN ko Airtel ko Glo. Da shi take turo maka wurin da take, ko ta tes ko ta data. In babu sabis, ita ta san inda take, kai ne ba za ka sani ba. Masu kyau daga ciki suna ajiye bayanin tafiyar, da zarar sun shiga inda akwai sabis sai su turo duka. Ku tuna watan Satumba na 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara. Duk mai tiraka irin wannan da motarsa ta shiga can, ba abin da yake gani sai wurin ƙarshe da ta yi magana kafin ta shiga.

Abin da ya faru da mai Sharon ɗin da Malam ya ambata ke nan. Taswirar tana nuna masa wurin ƙarshe da na'urar ta turo. Ko dai an cire ta a ƙofar gidan, ko layin ya daɗe da mutuwa bai lura ba. In da ya duba lokacin da ke jikin saƙon zai gane wanne ne.

Ɗan Kamasho:
To ai ka ga maganata ta fito. In ɓarawo zai iya cire ta a ƙofar gida, mene ne amfaninta?

Riwaya na Tashan Dukku:
Malam, amfaninta yana wurin wanda ya sa ta. Aikina ke nan, kuma mafi yawan waɗanda ake kawo mini gyara in na buɗe sai raina ya ɓaci. Za ka tarar an cire murfin da ke ƙarƙashin sitiyari, an feƙe waya da reza, an murɗa ta da hannu, an naɗe da farin salatif, an bar na'urar tana lilo da fitilunta suna ƙyaftawa. Ɓarawon mota nan yake fara sa hannu. Ko yaro ya leƙa zai gan ta.

Alhaji, ga yadda nake yi, ka riƙe don ka gane ko mai sa maka ya san aikinsa. Kafin a taɓa mota, a sa layin a na'urar, a jona ta da batir a fili, a bar ta ta kama taurari. Karon farko takan ɗauki 'yan mintoci, kada a yi gaggawa. Sai ka ga motar ta fito a wayarka daidai inda kuke tsaye sannan a fara kwance dashbod. A cire kan batir kafin a yanka komai. Jar waya tana zuwa inda wuta ba ta ɗaukewa ko an zare makulli, kuma dole a sa mata fiyus. Baƙa tana zuwa jikin ƙarfen mota, a kankare fenti a ɗaure da noti. Akwai ta uku da ke zuwa wayar makulli, wadda ke kawo wuta sai an murɗa, ita ce ke gaya maka mota a kunne take ko a kashe. Launinta yana bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka a duba takardar da ta zo da ita, kada a yi ƙiyasi. Kowane haɗi a liƙe shi da dalma, a naɗe da baƙin tef irin na wayarin ɗin motar, a tura cikin damin wayoyin yadda ba za ka bambanta ta da na kamfani ba.

Wurin ɓoyewa kuma, ƙarfe ne abokin gabarta. Roba da gilashi da soso ba sa tare saƙon taurari, ƙarfe yana tarewa. Akwai gefen da aka rubuta ya kalli sama, a bi wannan. Kada a kai ta kusa da inji saboda zafi, kada a sa ta inda ruwan wanki ke shiga. Ba zan faɗi wuraren da nake sawa a nan ba, zauren nan mutum nawa ne, ba kowa muka sani ba.

Kanta kuma a fara duba batir ɗinta. In guda biyu ne a jere, wutarta 24 ce, ba 12 irin ta ƙananan motoci ba. Na'urori da yawa suna ɗaukar duka biyun, amma rilen da ake haɗawa da ita, wato ɗan makunnin da ke yanke wuta in za a kashe mota daga nesa, shi ba ya ɗauka, akwai na 12 akwai na 24. An kawo mini wata tifa da aka sa wa na 12, ya ƙone har ya narkar da robar da ke kusa da shi. Allah ne ya kiyaye ba ta kama da wuta ba.

Batun cin batir, wutar da take ja kaɗan ce. Motar da ke fita kullum ba za ta ji ba. Wadda ake ajiyewa makonni ba a tayarwa, in batir ɗin ya tsufa, za ta iya sauke shi.

Mai Hatsi, Tudun Hatsi:
Allah ya saka da alheri, ku biyun. Batir biyu ne a jikinta. Saura maganar kashe ta daga nesa.

Direban Ashaka:
Alhaji, nan ne zan shigo, kuma ku gafarce ni in maganata ta yi zafi, don abin ya shafi rayukanmu ne mu da ke zaune a bayan sitiyari.

Siminti nake ɗauka. Duk wanda ya san hanyar Gombe zuwa Yola ya san yadda take daga Billiri zuwa Kaltungo zuwa Cham, hawa da gangara da kwana. A ce ina gangarowa da cikakken lodi, mai mota yana kwance a falonsa, ya kira ni sau biyu ban ɗauka ba saboda hannuna biyu na kan sitiyari, ransa ya ɓaci ya danna waya inji ya mutu. Kun san me ke biyo baya? Sitiyari ya sandare. A ƙaramar mota birki zai ba ka taku ɗaya ko biyu sannan ya yi tauri. A babbar mota iska ta daina taruwa. Ga masu acaɓa, ga 'yan talla a bakin titi, ga motar fasinja tana tahowa. Wa zai ɗauki alhakin wannan jinin?

Ba labari nake ba ku ba, an yi wa abokin aikina. Shi Allah ya taimake shi a miƙaƙƙiyar hanya ce, ya samu ya gangara gefe. Da ya kira, sai aka ce masa ai ɗan maigidan ne yake wasa da wayar. Yaro ɗan firamare!

Ku sa abin da zai nuna muku inda mota take, wannan dukiyarku ce, ba mai hana ku. Amma makashin inji a hannun wanda ba ya ganin titi, ni ban yarda da shi ba, kuma ba zan ja motar da aka sa wa shi ba tare da an gaya mini ba.

Mai Sharon Biyu:
Direba, ka faɗi naka, bari mu ma mu faɗi namu. Kai in an sace mota gobe za ka samu wata ka ja. Ni kuwa gumin shekaru ne ya tafi. In ina kallon motata a waya tana nufar Numan a hannun ɓarawo, ka ce in zauna in yi ta kallo har ta ɓace? Me ya sa na kashe kuɗina to?

Direban Ashaka:
Yallaɓai, ɓarawon shi kaɗai ne a kan titin? In ka kashe masa inji yana gudu ya afka wa mutane, motar taka ce ta kashe su, kuma yatsanka ne ya danna.

Riwaya na Tashan Dukku:
Ku dakata, dukkanku kuna da gaskiya, kuma akwai tsakiya. Da yawa daga cikin na'urorin nan an yi su ne yadda ko ka tura umarnin kashewa, ba za su yanke mai ba sai gudun motar ya sauko ƙasa da wajen kilomita 20 a awa. Umarnin yana jira, da ɓarawo ya rage gudu a kan rami ko shingen bincike sai ta mutu. Amma ba duka ke da wannan ba, kuma ba a gane wa da ido. Gwadawa ake yi. Ni nakan fita da mai mota fili inda ba kowa, mu tura umarnin muna tafiya a hankali, mu sake turawa muna ɗan gudu, ya gani da idonsa.

Hanya ta biyu, maimakon a sa rilen a wayar famfon mai, sai a sa shi a wayar kik. Motar da ke tafiya ba za ta mutu ba, amma da zarar an kashe ta ba za ta sake tashi ba. Wannan ita nake ba masu manyan motoci da masu ɗaukar fasinja shawara.

Kuma ko wacce aka zaɓa, a yi amfani da ƙafa 30 da 87a na rilen, waɗanda a haɗe suke tun asali. Amfaninsa, in na'urar ta lalace ko wayarta ta tsinke, mota za ta ci gaba da tafiya. Wanda ya juya haɗin, ranar da tiraka ta mutu ranar motarka za ta tsaya a daji.

Mai Sharon Biyu:
Ta kik ɗin nan ba ta yi mini ba. Mota mai giyar hannu ai turawa za su yi ta tashi.

Riwaya na Tashan Dukku:
Haka ne, za ta tashi da turi. Amma ka dubi Kanta da buhu cike a bayanta, mutum nawa za su tura ta, kuma a gaban wa? Lokacin da za su ɓata shi kake nema. A Sharon ɗinka kuwa ka sa ta famfon mai, in dai an gwada an tabbatar tana jiran gudu ya sauka.

Maman Khalifa, Pantami:
Salamu alaikum. Bappa Alhaji, ni ba babbar mota gare ni ba, Keke Napep uku ne na bayar ana kawo mini balas, duk da tiraka a jikinsu. Abin da zan ƙara ba na waya da rile ba ne, na layi ne, don shi ya fi ba mutane kunya.

Kada ka yarda mai sawa ya zo da layinsa. Ka je da kanka ka yi rajistar sabon layi da sunanka da NIN ɗinka. Lokacin da aka yi ta rufe layukan da ba a haɗa da NIN ba, wata ƙawata ta wayi gari kekunanta biyu sun daina nunawa, da aka bincika layukan da sunan wani yaron shago aka yi su, shi kuma ya bar gari. Sai da aka sake kwance komai. Sannan layin da ya yi watanni ba a sa masa kati ba kamfani na iya rufe shi, daga baya ma a ba wani lambar. Data ɗin da take ci ba yawa, amma tana ƙarewa in wa'adinta ya cika. Ni na rubuta lambobin uku a bangon littafin balas, duk farkon wata ina sa musu data kafin in taɓa kuɗin cefane. Kuma kowace safiya ina buɗe manhajar in duba lokacin saƙon ƙarshe, ba wurin kawai ba.

Na biyu, lambar sirri. Yawancinsu da 123456 suke zuwa, ko wata mai sauƙi irinta. In ba ka canza ba, duk wanda ya san lambar layin zai iya tambayar na'urar inda take, har ya kashe maka mota. Ka canza a gaban mai sawa, bayan ya juya baya, kuma ka tabbata lambar wayarka ce kaɗai aka sa a matsayin mai ba da umarni. Ba zargin kowa nake ba, Malam Riwaya ka yi haƙuri.

Riwaya na Tashan Dukku:
Adda, ba abin haƙuri, gaskiya kika faɗa. Ni da kaina nake cewa a canza, don gobe in wani abu ya faru kada a ce ni ne. Ƙari a kan maganarki, a zaɓi layin da ya fi ƙarfi a hanyar da motar ke bi, ba wanda ya fi ƙarfi a cikin gari ba. Direba ne ya san wannan, shi za a tambaya. Kuma masu arahar nan da yawa 2G kaɗai suke kamawa, a tambaya kafin a biya.

Direban Ashaka:
Tun da an zo kan a tambayi direba, bari in ƙara wani abu da ke ci mana tuwo a ƙwarya. Masu mota suna ɗaukar duk abin da waya ta nuna kamar ba ya kuskure. Wani yaro da na koya wa tuƙi, maigidansa ya tare shi da cewa ya fita da mota ƙarfe 3 na dare, ga shi a rubuce. Yaron ya rantse ya maya, aka ƙi yarda, har aka karɓe makulli. Daga baya aka gano agogon na'urar a lokacin ƙasar Sin yake, ba a gyara shi ba. Ƙarfe 8 na dare ne ya kai motar gareji. An mayar masa da makulli, amma sunan da aka ɓata masa a unguwa fa?

Ɗan Safiyo:
Wannan yana faruwa sosai, Baba. Tsakaninmu da Sin awa 7 ne, suna gabanmu. Wasu kuma suna zuwa da lokacin GMT, wanda muke gabansa da awa 1. Ranar da aka sa ta a daidaita agogon, a kunna mota a duba ko lokacin da ta rubuta ya yi daidai da na hannunka.

Akwai wani kuma. Mota tana ajiye a ƙarƙashin rumfar kwano ko a lungu tsakanin dogayen gine-gine, sai ka ga ɗigon yana yawo a taswira, ya shiga gidan maƙwabci ya fito, ya tsallaka titi ya dawo. Motar ba ta motsa ba. Saƙon taurarin ne ke bugun kwano da bango kafin ya iso, sai lissafin ya karkace. A fili kuskuren bai fi 'yan mitoci ba. Kafin watan Mayu na 2000 ma ya fi haka nesa, don da gangan Amurka ke dagula saƙon da farar hula ke samu, sai a lokacin Bill Clinton aka daina. Yanzu kuma ba GPS kaɗai ba ne, akwai GLONASS na Rasha, Galileo na Turai da BeiDou na Sin. Na'urar da ke sauraron fiye da ɗaya ta fi saurin kamawa a wuri mai matsi.

In kuma ta rasa taurari gaba ɗaya, wasu sukan koma ƙiyasi da ƙarfen sabis mafi kusa. Wannan kuskurensa a ƙauye yana iya kai kilomitoci. Manhajar takan nuna wanne ta yi amfani da shi. Kada a yanke wa bawan Allah hukunci da irin wannan.

Mai Sharon Biyu:
To batun mai fa? Ni babban dalilina ke nan ma, ba sata ba. Direba ya ce ya sha lita kaza zuwa Bauchi da dawowa, ni kuma lissafina bai ba ni haka ba.

Riwaya na Tashan Dukku:
Tiraka ba ta ganin cikin tanki, sai in an sa mata ma'auni na daban a tankin, shi kuma kuɗinsa daban. Abin da za ta ba ka shi ne kilomita nawa aka yi, ina aka tsaya, minti nawa inji ya yi yana aiki a tsaye. In ya ce Bauchi ya je ta Alkaleri ya dawo, sai ka ga ya leƙa Dass, wannan magana ce. Amma lita ba za ta faɗa maka ba.

Direban Ashaka:
Kuma kilomita ɗaya ba mai ɗaya take sha ba. Lodi, ramuka, layin shingen bincike, jiran fasinja a tasha, duk mai ne. Ka hau motar sau ɗaya ka yi tafiyar tare da shi, ka cika tanki a Gombe ka sake cikawa in kun dawo. Daga nan kana da ma'aunin da ba wanda zai yi maka gardama.

Ɗan Kamasho:
Har yanzu ba wanda ya amsa mini. Na ji ɓarayi suna da wani abu da suke soka wa a wurin kunna sigari, ya toshe komai.

Ɗan Safiyo:
Akwai shi, Malam, ba ƙarya ba ne. Saƙon taurarin yana isowa ƙasa da rauni ƙwarai saboda nisa, don haka ƙaramin abu na iya danne shi a kewayen motar. Amma ka lura, motar da ke magana kowane minti in ta yi shiru farat ɗaya, shirun ma labari ne, ka san wuri da lokacin da ta yi shi. Kuma ba za su bar abin a kunne har abada ba.

Riwaya na Tashan Dukku:
Shi ya sa mai hali nake ce masa ya sa biyu. Ɗaya mai waya, ɗaya mai batir ɗin kanta da ba ta haɗe da komai, a wani wuri daban, da layin wani kamfani daban. In sun samu ta farko hankalinsu ya kwanta, sun daina nema. Ta biyun sai dai ka riƙa tunawa da cajinta. Sannan a kunna ƙararrawar yanke wuta: mai wayar tana da ɗan ƙaramin batir a ciki, da an cire kan batir ɗin mota za ta turo maka saƙo kafin ta mutu. Mai Sharon ɗin da ka faɗa, da an kunna masa wannan, da tun cikin dare wayarsa ta tashe shi.

Mai kula da zaure:
Jama'a, tunatarwa ɗaya. In Allah ya kawo tsautsayi aka ɗauke mota kana ganinta a waya, kada ka kwashi 'yan'uwa da sanduna ku bi ta. Ba ka san da me suke tafe ba. Ka nufi ofishin 'yan sanda mafi kusa da takardun motar, ka nuna musu. In za ka tura wa wani wurin, ka tura mahaɗin taswirar kai tsaye. In lambobi za ka karanta, ka bi su yadda suke: na Gombe 10 da ɗigo ne a farko, 11 da ɗigo a biye. Ka juya su, ka tura mutane can wajen Darazo da Misau.

Direban Homa, Gombe zuwa Abuja:
Ku ba ni dama in sako ɗaya ɓangaren, wato mai nuna hanya. Ni waya nake maƙalawa a gilashi da Google Maps. A cikin Abuja tana taimakona ƙwarai, musamman in fasinja ya ce a sauke shi a unguwar da ban sani ba. Na sauke taswirar hanyata tun daga gida, don haka ko sabis ya ɗauke tsakanin Alkaleri da Bauchi tana ci gaba da nuna inda nake. Amma a hanyoyin ƙauye ba na bin ta ido rufe. Ita gajeriyar hanya take nema, ba ta san damina ta cinye kwalbati ba, ba ta san hanyar da ba a bi bayan magariba ba. Wannan a tasha ake tambaya. Kuma a saita inda za a je kafin a tayar da mota, a maƙala ta inda ba ta tare ganin titi, a bar muryar ta yi aiki. Latsa waya ana gudu ya kashe mutane da yawa.

Mai Hatsi, Tudun Hatsi:
Na karanta duka, Allah ya biya kowa. Ga abin da na tsayar. Gobe in Allah ya kai mu zan yi rajistar layi da sunana. Rilen a wayar kik za a sa, na 24, ban son alhakin kowa a wuyana. Direbana kuma ɗan yayata ne, shekarunsa da yawa a hannuna ban taɓa kama shi da ƙarya ba, don haka zan zaunar da shi in gaya masa an sa, da dalilin sawa. Abu ɗaya nake waswasi: in nuna masa inda aka ɓoye ta, ko in bar shi bai sani ba?

Mai Sharon Biyu:
Kada ka nuna masa, Alhaji. Ko gaya masa ma ni da ban yi ba.

Direban Ashaka:
Gaya masa dole ne, Alhaji, kuma ka kyauta da ka yi niyyar haka. Ranar da ya gano da kansa a wurin bakanike, ranar zai san ba ka yarda da shi ba, kuma ba zai ƙara ja maka mota da zuciya ɗaya ba. Amma wurin da take, ni ma na ce kada ka nuna masa, ba don rashin amana ba. In 'yan fashi suka tare shi suka ɗora masa bindiga suka ce ina tiraka, gara ya rantse bai sani ba yana mai gaskiya.

Maman Khalifa, Pantami:
Kuma Bappa ka sa lambarsa cikin waɗanda saƙon yanke wuta zai je wa, in na'urar tana ba da dama. Motar a ƙofar gidansa take kwana ko a naka?

Mai Hatsi, Tudun Hatsi:
A nasa take kwana, a Bolari. Zan sa. Malam Riwaya, in na kawo ta da safe zan same ta kafin azahar? Jibi tana da lodi a Kumo.

Riwaya na Tashan Dukku:
Za ka samu in sha Allah, amma ka zo da kanka da wayar da za a haɗa, a cike da caji, kuma layin ya zama an riga an sa masa kati da data an kira da shi an ga yana aiki. Direban ya kawo motar ya je ya sha shayi, in mun rufe dashbod sai a kira shi mu fita gwaji tare.